Kafin Allura Ta Motsa

Motar Baba ba ta taɓa kururuwa ba sai da makullinta ya faɗa hannun mijin Yaya.

Auta tana shafa wa Baba mai a ƙafa ta ji an buɗe ƙofar motar a tsakar gida. Hannunta ya tsaya cak, don ta san abin da zai biyo baya. Injin ya tashi, bai ko gama shaƙar numfashin farko ba aka danna masa totur har ƙasa. Gilashin taga ya kama rawa, cokalin da ke cikin kofi ya shiga kaɗawa. Aka sake dannawa, aka ƙara. Sannan tayoyi suka yi ƙara, motar ta fice kamar an koro ta.

Baba bai ce komai ba, don ba shi da bakin cewa. Tun ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin famfo, ciwon ya tafi da ɓarin jikinsa na dama, ya haɗa da harshensa. Hannun hagu kaɗai ya rage masa, shi ne yanzu ya damƙe zanin gado har jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa. Tagar ɗakinsa tana kallon rumfar mota. Kullum safiya a kunnensa ake yi.

"Ya tafi, Baba," in ji Auta. "Saki."

Da ƙyar ta ɓamɓare yatsun.

Direba ne Baba tun ba a haifi Auta ba, kuma da ya bar aiki wannan tsohuwar farar motar ce abin da ya fito da shi. A cikinta ya koya wa Auta tuƙi, kuma darasin farko ba giya ba ce, ba birki ba ne. Safiya ce.

"Mota ma barci take yi," yakan ce. "Baƙin mai duk ya sauka ƙasa ya kwanta, ya yi kauri. In kin tayar da ita, ɗaura bel, gyara madubi, ki ba man dama ya hau ya zagaya. Shi ke nan, ki tafi. Kada ki bar ta a tsaye tana ta ƙugi wai ɗumama ta kike, a tafiya take samun ɗumi. Amma tafiyar mai ɗauke da kwanon miya. Ƙafa sama-sama a totur, ki sauya giya da wuri, kada ki bari ta ɗaga murya. Kin ga allurar nan ta zafi? Kafin ta motsa ba ki da saurin komai. Ko ta hau tsakiya ki ƙara mata haƙuri, don ruwa yana riga mai ɗaukar zafi."

Mijin Yaya kuwa abokansa na teburin mai shayin da ke kallon get ɗinsu Jirgi suke ce masa, saboda yadda yake tashi. Da aikinsa ya ƙare ya kwaso Yaya da yara suka dawo ɗakunan baya, wai na ɗan lokaci. Ranar da Baba ya faɗi shi ya kai shi asibiti, daga nan makullin bai sake fita daga aljihunsa ba.

Auta ta bi ta hanyar lalama. Ta tare shi wata safiya, har da ɗan rusunawa. Shi ma Yaya take ce masa.

"Yaya, don Allah in ka tayar da ita ka riƙa lallaɓa ta. Injin da sanyi. Kuma Baba yana ji."

"Autar Baba kenan." Ya yi dariya yana wasa da makullin a yatsa. "Ƙarfe ne fa, ba jariri ba. Sai an ba ta wuta take wartsakewa. Ko bargo zan saya mata?"

"To ba ni makullin in riƙa fito maka da ita."

"Ke dai je ki dama kunu. Tuƙi na maza ne."

Ranar ya fi kullum danna totur, yana kallonta ta madubi yana murmushi. A nan Auta ta gane wani abu game da shi, ta ninke ta ajiye a zuciya: roƙo zuga shi yake yi.

Sannu a hankali motar ta fara nuna alama. Shuɗin hayaƙi a salansa. Wani ɗan ƙwas-ƙwas a cikin inji kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga nesa. Baba yana jin wannan ma. Auta ta sha ganin ya juyar da fuska bango, kafaɗarsa mai rai tana girgiza. Ita kuwa ta daina kuka, ta daina roƙo. Tana gaishe da Jirgi, tana zuba masa abinci, tana jira.

A kicin Yaya ta kawo mata abin da take jira, ba tare da ta sani ba.

"Auta, taya mu murna. Baban yara ya kusa samun aiki. Makarantar nan ta bayan asibiti ta sayi sabuwar bas ta ɗaukar yara, direba suke nema. Kin san Shugabar ai, 'yar gidan da Baba ya yi wa tuƙi."

Auta ta san ta. Baba ne ya kai ta makaranta tun tana 'yar ƙarama, shi ne kuma ya koya mata tuƙi da ta girma.

"Ya aka yi ta san shi?"

"Ce mata ya yi shi surukin Baba ne, a hannun Baba ya koyi mota. Tana jin haka ta ce magana ta ƙare, ya zo ranar Litinin da rana a ɗan gwada shi, a ba shi makulli."

Wuƙar da ke hannun Auta ta ci gaba da yanka albasa. A hannun Baba. Mutumin da ko ƙofar ɗakin Baba ba ya leƙawa.

"To madalla. Motar Baba za ta huta kenan."

Yaya ta kama goge murhun da ba shi da datti. "Ai... ƙaninsa zai kai wa. Zai riƙa ɗan kabu-kabu da ita a garinsu. Ranar Litinin ɗin da safe zai kai masa ita tasha, kafin ya wuce makarantar. Ya ce ajiye ta asara ce, tunda Baba dai..."

"Tunda Baba dai me?"

"Ke kin fiye ɗaukar zafi. Kin san abin da nake nufi."

"An tambayi Baba?"

"Da wane bakin zai amsa, Auta?"

Auta ta share hawayen albasa da bayan hannu. Ta ce Allah ya sanya alheri, ta ɗora tukunya.

Washegari ta ci ado ta nufi makarantar. Shugaba mace ce doguwa mai gilashi, wadda in ta kalli mutum sai ya tuna laifinsa na bara. Amma tana ganin Auta ta taso ta rungume ta.

"Autar Baba Direba. Wallahi kunya ta hana ni zuwa, kullum sai in ce gobe. Ya jikin nasa?"

"Da sauƙi, Anti. In an ambaci sunanki har murmushi yake yi. Shi ya sa na ce bari in zo in roƙe ki."

"Yau ɗin nan zan zo, in an tashi."

"Da rana magani yana sa shi barci, ba zai ma san kin zo ba. Da sassafe ya fi samun kansa." Wannan gaskiya ce. "Ko Litinin, kafin ki shigo ofis? Sai dai titin gabanmu ya lalace, ki ajiye mota a layin baya, zan buɗe miki ƙaramar ƙofa." Wannan kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma ko ido Auta ba ta ƙifta ba.

"Surukin naku ma ranar zai zo. Na ji daɗi da na samu ɗan hannun Baba. Yaran mutane ba kowa ake danƙa wa ba."

"Haka ne, Anti," in ji Auta.

An kwana ana ruwa, Litinin ta waye da sanyi mai shiga ƙashi. Auta ta leƙa rumfa ta ga raɓa kwance a kan bonet, ta ji wani daɗi ya ratsa ta. Ko roƙa ta yi ba za ta samu safiyar da ta fi wannan ba.

Ta shigo da Shugaba ta ƙofar baya, ta bi da ita ta kicin. Takalman baƙuwar ta ɗauke ta tura ƙarƙashin benci, kada Yaya ta fito ta gani. Ta ja labulen ɗakin Baba, amma ta bar tagar a buɗe.

Baba yana ganin Shugaba rabin fuskarsa ya haskaka. Ta zauna a bakin gado ta riƙe hannunsa, tana ba shi labarin ranar da ta kusa shigar da motar mahaifinta cikin kwata, shi kuma ko tsawa bai yi mata ba. Baba yana wani sauti a maƙogwaro, dariyarsa kenan yanzu. Auta tana tsaye a jikin bango, kunnenta yana waje.

Ƙofar ɗakin baya ta buɗe. Takun takalmi. Ƙarar buɗe get. Gaisuwa da 'yan teburin shayi. Ƙofar mota. Injin ya tashi.

Shiru.

Injin yana ta ɗan gunjinsa a hankali, babu mai taɓa shi. Auta ta ɗaga gefen labule. Jirgi yana zaune a ciki da sabuwar riga, ƙafa ɗaya a waje, waya a kunne, yana yi wa ƙaninsa kwatancen inda za su haɗu. Yau ɗaya, yau da ake buƙatar halinsa, waya ta ɗauke masa hankali.

Shugaba ta karkata kai tana saurare, ta yi murmushi. "Ji yadda yake lallaɓa ta. Baba, koyarwarka ba ta faɗi ƙasa ba."

Auta ta saki labulen. In ya gama wayar nan ya ja motar salin-alin, shi ke nan: ita da kanta ta kawo masa shaida har gida, ya samu bas, motar Baba kuma ta tafi ba dawowa. Ta kalli Baba. Idonsa a lumshe, hannunsa a sake cikin na Shugaba. Rabon da ya ji motarsa tana numfashi haka tun kafin ya kwanta. Ta san abin da za ta jawo masa in ta fita. Ta sani sarai.

"Bari in kawo miki ruwan zafi, Anti," ta ce, ta fice.

Ba kicin ta nufa ba. Ta ratsa tsakar gida ta tsaya daidai bakin get, inda 'yan teburin shayi za su ji ta da kyau. Jirgi ya sauke waya kenan. Ta rusuna har ƙasa, ta saki murya mai zaƙi.

"Yaya, na gode. Allah ya saka. Ashe dai kana jin magana."

Ya ɗaga gira. "Wace magana?"

"Da na ce ka riƙa lallaɓa ta. Ga shi yau ka bi umarnina tsaf. Haka nake so. In ka fita ma ka tafi a hankali, ka ji? Kada in ji ka wuce giya ta biyu kafin kwana."

Wani a teburin ya ƙware da shayi. Mai gyaran rediyo, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce, "Af, Jirgi, yaushe aka mayar da kai amalanke?"

"Ƙanwar mata ta kafa doka," in ji wani. "Gobe sai goyo."

Dariya ta ɓarke har da mai shayin. Auta ta ga wuyan Jirgi ya kumbura. Ya jawo ƙafarsa ciki, ya buga ƙofa.

"Umarninki? Ni?"

Ya taka totur.

Auta ba ta taɓa jin motar ta yi irin wannan kukan ba. Ya danne ya ƙi ɗagawa, har kwanon rumfa yana amsawa, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, kajin maƙwabta suka watse. Ƙwas-ƙwas ɗin cikin inji ya koma kamar ana dukan tukunya da muciya. Ya saki, ya sake dannawa. Sannan ya leƙo da kai ta taga, ya ɗaga murya don ta fi ta injin, ya juya ta saitin tagar Baba.

"Je ki gaya wa tsohon naki ya taso ya hana ni. Ya shekara nawa yana tafiyar hawainiya, me ya tara? In ƙaunar motar yake yi, ya cika kunnensa yau, daga yau ba zai ƙara jin ta ba."

Ya jefa giya, motar ta zabura. Sai kuma ya take birki da ƙarfi har ta mutu.

Shugaba ce tsaye a baranda, ba takalmi a ƙafarta.

Hayaƙi yana ta yawo tsakaninsu. Jirgi ya fito yana neman maɓallin rigar da yake a ɓalle, bakinsa yana motsi kafin magana ta zo.

"Ranki ya daɗe... ashe kina... barka da asuba. Ai gwada ta nake yi, wani ɗan ƙara nake ji a..."

"Na ji ƙaran," in ji Shugaba. Ta sauko cikin laka da ƙafarta haka, ta ɗora tafin hannu a kan bonet. "Sanyi ƙalau. A hannun Baba ka ce ka koyi mota?"

"Eh to, wato..."

"Wace rana? Don ni ranar farko ya koya mini abin da ka taka yanzu." Ta miƙa hannu. "Mu ga makullin."

Da a ce Auta ce ta nema, da an kwana ana rigima. Amma mai bas ce, kuma har yanzu yana ganin da sauran dama. Ya zaro ya miƙa da hannu biyu.

Shugaba ta juya ta koma ciki. Auta ta bi ta, Jirgi ya biyo su har bakin ƙofa ya toge, Yaya ma ta fito da ɗankwali a hannu tana tambayar me ya faru. Baba yana kwance, zanin gado a dunƙule cikin hannunsa, gefen fuskarsa sharkaf. Auta ta kasa kallonsa. Shugaba ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta sa makullin a ciki, ta rufe.

"Ga kayanka, Baba." Sannan ta dubi ƙofa. "Duk mai so ya zo ya ƙwata a hannunsa, ina kallo."

Babu wanda ya motsa.

"Maganar da rana fa, ranki ya daɗe?" in ji Jirgi da wata 'yar murya.

"Kada ka wahalar da kanka. An riga an gwada ka. Wanda bai iya haƙurin fita daga get ba, ba zan zuba masa yaran mutane a baya ba."

Yaya ta dubi Auta, ta dubi tagar da ke buɗe, ta dubi ƙafar Shugaba. Ba ta da saurin fushi, amma ba ta da wauta.

"Ke ce," ta ce a hankali. "Abincin 'ya'yana kika zubar, Auta."

"Ƙafata ce a kan totur?"

Yaya ta juya ta tafi, ta rufe ƙofarta da ƙarfi.

A layin baya, Shugaba ta buɗe motarta ta tsaya, ta cire gilashi tana gogewa.

"Na hango titin gabanku. Lafiyarsa ƙalau."

"Eh, Anti."

"Da kin zo kin gaya mini kawai."

"Da kin ce ƙiyayyar dangin mata ce. Kuma da ba ki karɓo makullin ba."

Shugaba ba ta musa ba. "Ina riƙe da hannun tsohon nan lokacin da aka yi abin. Na ji yadda ya yi. Ke kika saya masa wannan, ki sani."

"Na sani."

"Kina nadama?"

Auta ta duba cikin zuciyarta da gaske, lungu-lungu. Ta tarar da zafin hawayen Baba a can, yana nan daram. Nadama ce dai ba ta gani ba.

"A'a," ta ce.

Motar ta yi kwanaki a garejin wani tsohon abokin Baba. Ya ce an ci mata rai amma ba a kashe ta ba. Yaya ta daina yi wa Auta magana sai ta bakin yara. Jirgi kuwa ya daina zama a teburin shayi, don sunan Amalanke ya bi shi ya manne. Makullin yana kwana a ƙarƙashin matashin Baba, kuma mutum ɗaya yake miƙa wa.

Ranar da za a fara kai Baba gashin ƙashi, maƙwabta suka taimaka aka zaunar da shi a gaba. Auta ta tayar da motar. Ta ɗaura masa bel, ta ɗaura nata, ta gyara madubi. Ta sa giya, ta ɗora ƙafa sama-sama, suka silale daga get kamar ba sa son tayar da unguwa.

A bakin titi ta hango shi. Yana tafe a ƙasa zuwa tashar bas, takardun neman aiki a hammata, yayyafi yana jiƙa masa sabuwar rigar nan. Da Jirgi ne a sitiyari, da ƙiftawar ido an wuce wurin. Amma injin da sanyi, allura ko motsi ba ta yi ba, don haka Auta ba ta da saurin komai. Motar ta jera da shi. Ya ƙara sauri, tana gefensa. Ya rage, tana gefensa. Ya kafe idonsa a gaba kamar bai taɓa ganin farar mota ba, kujerar baya kuwa fayau, babu kowa.

Auta ta sauke gilashi.

"Yaya, ina kwana? Yi haƙuri da mun rage maka hanya, to ka san tafiyarmu ta hawainiya ce. Za mu ɓata maka lokaci."

Ta ɗaga gilashin, ta sauya giya da wuri yadda aka koya mata. A gefenta ta ji wannan sautin a maƙogwaron Baba. Ya ɗaga hannunsa mai rai ya ɗora a kan dashbod, yana sauraron injin ta tafin hannu. Sai da suka wuce asibitin dabbobi, suka sha kwana, allurar ta hau tsakiya, Auta ta ƙara mata haƙuri kaɗan. Sannan Baba ya ɗan buga dashbod da yatsa, ita kuma ta ba motar hanya.